Nono da Ruwa: Su Wa Ke Yanke Hukuncin Shayarwa a Maisandari?

Duk wanda ya ɗaura aniyar zuwa Maisandari don ya koya wa mata muhimmancin ba da nono, ya makara, sun riga shi sani. A wannan mazaɓa, ɗaya daga cikin 15 na ƙaramar hukumar birnin Maiduguri, wadda ta miƙe ta kudancin gari ta bi hanyar Damboa, da wuya ka sami jaririn da bai sha nonon uwarsa ba, sai fa maraya ko wanda ciwo ya kwantar da mahaifiyarsa. Matan Kanuri da na Shuwa da Babur da Margi da Hausawa da Fulani da mutanen Gwoza duk suna zaune a nan gida na jikin gida, kuma ko da sun sha bamban a harshe da abinci, sun haɗu a kan cewa ɗa da nono ake rainonsa, har ya yi shekara ɗaya da rabi ko ya kusa biyu.

Haka abin yake a ƙasar baki ɗaya. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 97 cikin 100 na yara sun sha nono. Amma da aka zo kan 'yan ƙasa da wata shida, aka tambaya su nawa ne ke shan nonon zalla ba a haɗa musu da komai ba, sai adadin ya faɗo kashi 29. Ya fi na 2013, wanda ya tsaya a kashi 17, sai dai binciken da aka sake yi a 2023 zuwa 2024 ya tarar da shi a 29 ɗin nan, bai motsa ba. Ƙasashen duniya kuwa tun 2012 suka yi alkawarin kai shi kashi 50 kafin 2025. Tsakanin 97 da 29 akwai tazara mai faɗi, kuma abin da ya fi cika ta shi ne ruwa. Ruwan sha kawai, na randa ko na leda.

Shiga ɗakin wata mai goyo a watan Afrilu da rana tsaka, lokacin da zafin Maiduguri ke haura digiri 40. Rufin kwano ne ba silin, wuta ta ɗauke tun safe. Jariri ɗan wata biyu yana kwance a kan zani, ƙurajen zafi sun feso masa a wuya, yana ta motsa baki. Kakarsa ta ɗebo ruwa a ɗan kofi, ta tallafo ƙeyarsa, ta fara ɗiga masa da ƙaramin cokali. Uwar, wadda a makon nan aka ja mata kunne a asibiti, ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, malamar asibiti ta ce a bari sai ya cika wata shida." Sai tsohuwa ta dube ta: "Ke da kike babba, kofi nawa kika sha tun safe? Haka na raini mijinki, ga shi nan da ransa da lafiyarsa." Nan magana ta mutu. Ba a ja-in-ja da uwar miji, balle a kan jikanta, balle kuma a cikin gidanta.

Ina jin ciwon yadda ake saurin kiran wannan tsohuwa jahila. Tana da hujjarta, kuma hujjar daga tausayi ta fito. A ƙasar da rana ke gasa mutum haka, hana mai rai ruwa mugunta ce. Baƙo ko daga ina ya fito ruwa ake fara miƙa masa kafin a tambayi sunansa, jariri kuwa baƙo ne, har ma haka ake kiransa. Ta ga yara sun bushe sun mutu, ta ga maɗigarsu ta faɗa, ta yanke a ranta cewa ƙishirwa ce. Abin da ba a zauna an nuna mata ba shi ne, maɗigar ta faɗa ne saboda gudawa ta zuƙe ruwan jikin yaron, gudawar kuwa sau da yawa cikin cokalin nan ta shigo.

Nonon uwa kansa kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne. Wanda ke fara fitowa in jariri ya kama ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishirwa, mai kaurin da ke ƙosarwa yana biyo baya. An auna fitsarin jarirai masu shan nono zalla a lokacin tsananin zafi a Indiya da Pakistan, aka tarar ruwan jikinsu bai ragu ba. In zafi ya yi yawa, jariri yakan ƙara yawan neman nono ne, ya sha kaɗan-kaɗan, kuma wannan ya wadatar. Ruwan cokali kuwa ɓarna biyu yake yi. Yana cika ɗan cikin da bai da girma, yaro ya rage tsotso, nono ya ragu. Sannan yana ɗauko abin da ke cikinsa. Ruwan yawancin gidajen bayan gari daga burtsatse yake fitowa, ya shiga jarkokin 'yan garuwa, ya yini a kura, ya kwana a randar da kowa ke tsoma moɗa. Ko ya fito da tsabta daga ƙasa, hannu nawa ya bi kafin ya iso bakin jariri? Garin nan ya san kwalara. A 2017 ta ɓarke daga sansanin Muna Garej, kuma bayan da madatsar Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba 2024, ruwa ya haɗe masai da rijiyoyi, gwamnatin Borno ta sanar da wata ɓarkewar a watan Oktoba.

Tun 2019 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da gangamin hana jarirai ruwa har wata shida. Saƙon daidai ne, amma kunnen da aka fi zuba shi a ciki shi ne na uwa, a layin awo ko na rigakafi, ita kuwa ba ita ke riƙe da cokalin ba. Ma'aikatan da suka san aikinsu sun gano wata hanya da ta fi "kada a ba shi" shiga rai. Sukan ce wa kaka: "Mama, ruwan nan ki ba uwar ta sha, zai iske shi ta nono." Ba a ƙwace wa tsohuwa tausayinta ba, an dai nuna mata inda za ta zuba shi. Ta tashi daga wadda aka hana ta koma mai kula da mai goyo, tana tsare ta sai ta shanye.

Kafin a zo kan ruwan watanni, akwai kwana ukun farko. Dakashi, wato nonon fari mai kauri da ɗorawa-ɗorawa, har yanzu a gidaje da dama ana ɗaukarsa gurɓatacce ne da ya daɗe kwance a mama, sai an matse an zubar, an wanke mama, sannan a ba yaro. Akwai masu gwada nonon sabuwar haihuwa da tururuwa: a tatsa a murfi a jefa ta, in ta mutu a ce nonon yana da ƙaiƙayi. Kafin "nonon kirki" ya zo, sai a riƙe jariri da ruwan ɗumi, ko ruwan dabino, ko zuma, ko madarar dabba. Binciken 2018 ya nuna kusan rabin jariran ƙasar an ba su wani abu kafin nono ya kankama, kuma kashi 42 ne kawai aka sa wa mama cikin sa'ar farko. Abin takaicin, dakashin nan da ake zubarwa shi ne ya fi kowane nono yawan sinadaran kariya. Yana shafe hanjin jariri, yana taimaka masa ya fitar da baƙin kashin farko. Ƙarancinsa ma daidai yake da cikin ɗan kwana ɗaya, wanda cokalin shayi ɗaya ko biyu ke cikawa. Ita ma uwa tana da riba, domin tsotson farko yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu.

Wurin haihuwa yana da tasiri a nan. A 2018 kashi 39 na haihuwa ne aka yi a asibiti a faɗin ƙasa, a Arewa maso Gabas kuwa kusan ɗaya cikin huɗu. A gida, hankalin ungozoma da tsofaffi yana kan yanke cibi da fitar mabiyiya da wanka, nono sai an kintsa. A asibiti ma ba kullum ake dacewa ba, musamman in tiyata aka yi, aka raba uwa da ɗa, dangi suka ruga kanti. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda ta fi ƙarfi a gidajen Hausawa da Fulani. Yarinya 'yar shekara 16 ko 17 da aka horar kada ta kira sunan ɗanta, kada ta nuna ɗokinsa, ɗaki kuma cike da 'yan barka, yaya za ta buɗe ƙirji sau goma a yini? Takan bari sai ya yi kuka ya gaji, ko sai an ce mata "ba shi mana."

Wasu kan kawo hujjar tauna dabino a shafa wa jariri a ganɗa, cewa sunna ce. Sunna ce kuwa, amma ɗan shafawa ne sau ɗaya. Bai zama izinin kwana uku ana ɗura ruwan dabino ba. Zuma kuwa likitoci sun hana ta ga duk wanda bai kai shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta ta shanye jikin jariri. In rubutu aka karɓo don neman tsari, ni a ganina uwar ta sha, a tofa wa jaririn addu'a.

Maganar da ma'aikatan lafiya a Maiduguri suka fi ji daga bakin iyaye mata ita ce, "Nonona ba ya isarsa," ko "Ya ƙafe." Nan ne lamarin ya fi nauyi, kuma nan ne ya kamata mai ba da shawara ya fi taka-tsantsan, domin da gaskiya da kuskure a cakuɗe suke. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 farashin abinci ya yi tashin gwauron zabi, har hauhawarsa ta wuce kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A gidan da ake ɗora tukunya sau ɗaya, uwa ce ke ci a ƙarshe, bayan maigida da yara, wani lokaci ƙanzo ne rabonta. Mai shayarwa kuwa tana bukatar ƙarin abinci da ya kai kalori 500 a kullum a kan na sauran mata. In irin wannan mata ta ce jiri take ji in yaro ya kama, ba ƙarya take yi ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Sai dai jikin mace yana da wani hali mai ban tausayi: yakan fifita jariri a kanta. Matar da ba ta ƙoshi takan ci gaba da samar da nono mai amfani, daga tsokarta da ƙashinta ake ɗiba, sai fa in yunwar ta kai matuƙa. Wato ita ce ke ramewa, nonon yana nan. Abin da ke sarrafa yawansa shi ne tsotso. Mama kamar rijiya take, gwargwadon ɗiba gwargwadon tsattsafowa, in aka bar ta sai ta ja baya. Sinadarai biyu ke aikin, ɗaya na haɗa nonon, ɗaya na sako shi, kuma wannan na biyun firgici da baƙin ciki da gajiya sukan riƙe shi na ɗan lokaci. Ga yadda tarkon ke kamawa: uwa na cikin damuwa, nono ya yi jinkirin sauka, yaro ya yi kuka, a ce bai ƙoshi ba, a ba shi koko ko ruwan sukari, ya rage tsotso, nono ya ragu da gaske, sai kowa ya ce "ai ga shi mun faɗa." Sau da yawa kuma matsalar kamu ce kawai. Yaro ya cafki kan nono shi kaɗai maimakon ya buɗe baki sosai ya haɗa da baƙin kewayen, haɓarsa na taɓa mama. Kan nono ya tsage, uwa ta riƙa jin tsoron ba shi. Gyaran wannan minti goma ne a hannun wadda ta iya, in akwai ta, in kuma tana da minti goman. Alamar ƙoshi ma mai sauƙi ce: yaron da ke fitsari sau shida ko fiye a yini, nauyinsa na ƙaruwa a kati, yana samun abin da ya ishe shi ko da yana rigima.

Saboda haka maganin yunwar mai shayarwa shi ne a ciyar da ita. Kuɗin gwangwanin madara ɗaya, da aka sayo wake da gyaɗa da busasshen kifin Baga aka ba uwa, da an ciyar da mutum biyu. Wannan kuwa ya dawo da magana kan maigida, wanda ake yawan tsamewa daga zancen kamar ba ruwansa. Aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda kowa ke kawowa a kan shayarwar shekara biyu, ita ce kuma ta ɗora ci da tufatar da mai shayarwa a wuyan uban ɗa. Rabin farko ya shahara a wa'azi, rabi na biyu bai samu irin wannan gata ba. Na so a ce limaman unguwa, da safiyar suna, lokacin da maza suka taru ana rabon goro da dabino, sukan tsaya a kan wannan rabin. Mutumin da ya ci bashi ya sayi rago ya kamata ya ji cewa kwanon matarsa na wata shida masu zuwa ya fi ragon zama wajibi a kansa.

Al'adar jego ta gane wannan tun da daɗewa. Kwana arba'in na hutu, ana dafa wa mace, ana ba ta kunu da nama mai yaji, wata tsohuwa na tsaye a kanta, babu tsarin da ya fi wannan taimakon nono ya kankama. Abin da ke cikinta na gyara shi ne yawan kanwa da tsananin zafin wanka da na gado, waɗanda likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta da ciwon zuciyar masu jego tun shekarun 1970. A rage kanwa, a bar hutun da abincin. Yau kuwa a gidaje da yawa hutun da abincin ne suka tafi.

Dalilin tafiyarsu a Maisandari yana da suna. Daga 2014 zuwa 2015, da Boko Haram ta mamaye garuruwa, jama'a suka kwararo Maiduguri. Rukunin gidajen Bakasi da ke kan hanyar Damboa ya zama sansanin dubun-dubatar mutane daga Gwoza da Monguno da Marte da Guzamala da Nganzai, wasu da yawa kuma suka rakuɓe a gidajen dangi da kangaye. Gudun hijira ya tsinka igiyar da ke riƙe mai jego. Uwar da za a je wa goyon ciki ta rasu ko tana wani gari, gwaggo ta ɓace, miji ya mutu ko ba a san inda yake ba. Mace ta haihu yau, jibi tana layin ruwa. A sansanonin, ƙungiyoyin agaji sun kafa rumfunan da mata za su zauna su shayar cikin sutura, da ƙungiyoyin iyaye mata masu koya wa juna, kuma mata da dama a nan suka fara jin cewa dakashi magani ne. Da gwamnatin Babagana Umara Zulum ta rufe Bakasi a ƙarshen Nuwamba 2021, wasu sun koma garuruwansu, wasu sun bazu cikin unguwannin bayan gari suna haya ko zaman bukka. Ilimin ya bi su, amma rabon abinci da mai zagayowa ta duba su ba su bi su ba. A Satumban 2024 aka sake buɗe Bakasi don waɗanda ambaliya ta kora, mata masu ɗanyen goyo suka sake kwana a fili.

Rikicin ya bar marayu 'yan kwanaki, kuma a nan addini ya riga ya buɗe ƙofar da muke neman rufewa da kanmu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da shi. A mazhabar Malikiyya da ake bi a Borno, shan nono ko sau ɗaya cikin shekara biyun farko yana ƙulla 'yan'uwantakar da ke haramta aure, shi ya sa wasu ke gudun shayar da ɗan wani, kada a manta a zo a yi auren da bai halatta ba. Tsoron yana da tushe, amma maganinsa a sanar da dangi a kuma rubuta. Matar da ta daɗe da yaye, har da kaka mai sauran ƙarfi, nono kan dawo mata in jariri ya dage da tsotso. Abin da ake bukata shi ne a fara gwada jininta a asibiti, saboda cuta mai karya garkuwar jiki.

Madarar gwangwani ba ta yi ƙarfi a Maisandari kamar a Legas ko Abuja ba, tsadarta ta tsare mutane. Amma kwarjininta ya iso. Ana ganinta a hannun matan masu hali da cikin kayan barka, har ta zama alamar gata. Tun 1981 Majalisar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar hana tallata ta, Nijeriya ta yi dokarta a 1990, kuma NAFDAC ce ke da alhakin tsaro. Haɗarinta a gidan talaka a fili yake. Garin madarar ba a tsarkake yake daga ƙwayoyin cuta ba, sai an dama da ruwan da aka tafasa bai huce ƙasa da digiri 70 ba, a wanke fida a tafasa ta kowane lokaci, abin da ya rage a zubar bayan sa'a biyu. Wa ke da gawayin wannan sau takwas a yini? Sai a tsinka ta don gwangwani ya kai ƙarshen wata, in ya ƙare a koma madarar shayi ta ƙulli. Lokacin bala'i kuma masu kyakkyawar niyya kan so su raba ta kyauta. An ga sakamakon haka a Indonesiya bayan girgizar ƙasar 2006: gudawa a cikin jariran da aka raba wa madarar ta ninka ta waɗanda ba su samu ba. Akwai jariran da ba su da wata hanya sai ita, kuma babu abin kunya ga wadda lalura ta sa ta ba da ita. Irin waɗannan a ba su ta hannun ma'aikatan lafiya, da kofi maimakon fida, da tabbacin ba za ta yanke ba.

Batun hutun haihuwa, wanda ya fi cin tarurrukan makon shayarwa na farkon watan Agusta, kaɗan ne daga matan wannan mazaɓa ya shafa. Dokar ƙwadago ta ba da mako 12, ma'aikatan tarayya mako 16, Legas da Kaduna sun kai wata shida ga ma'aikatansu. Ga malamar makaranta ko nas wannan babban abu ne. Amma mai ɗinkin hula ba ta da wanda zai ba ta hutu, sa'arta dai ɗanta na kan cinya. Wadda ke shan wuya ita ce mai aikatau ko wankau a gidajen masu hali, wadda ake ce wa kada ta zo da goyo. Takan bar ɗan wata uku a hannun yayarsa 'yar shekara tara, da kofin koko.

Sai kuma ƙarshen shayarwa, inda ake asarar yaran da suka tsallake duk abin da ya gabata. In mace ta yi kwanika, wato ciki ya shiga tana goyo, hukuncin tsofaffi ɗaya ne: a cire yaro yau, nonon ciki guba ne. A shafa wa mama maɗaci, ko a ɗauke shi a kai gidan kaka. Ɗan wata tara ya rasa abincinsa da uwarsa a dare ɗaya, ya ƙi cin komai, gudawa ta biyo, a ce ai dama ya sha nonon ciki. Likitanci bai sami guba a nonon mai ciki ba. In cikin lafiyayye ne tana iya ci gaba, a ƙara mata abinci, a janye yaron sannu a hankali. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, littafin da malaman Borno suka sani ciki da bai, akwai hadisin da ke nuna Annabi ya yi niyyar hana kusantar mace mai shayarwa, sai ya fasa da ya lura Rumawa da Farisawa suna yi bai cutar da 'ya'yansu ba. Wani abin lura kuma, cokalin ruwan nan yana da hannu a kwanikar kanta. Shayarwa zalla dare da rana tana hana ɗaukar ciki da kusan kashi 98 cikin 100, muddin yaro bai kai wata shida ba kuma al'ada ba ta dawo ba. Da an fara haɗawa da ruwa da koko, tsotso ya ragu, wannan kariya ta tafi.

Bayan wata shida kuma matsalar takan juye, nono shi kaɗai ya daina isa, abin da ake ƙarawa kuwa tsinkakken koko ne da ba komai cikinsa sai gasara. A 2018 kashi 11 cikin 100 ne kawai na 'yan wata 6 zuwa 23 ke samun abincin da ya kai mafi ƙarancin abin da ake bukata. Garin Tom Brown da aka koya wa mata a Borno, na gero ko dawa da waken suya da gyaɗa, ya nuna ana iya gyara kokon da abin da ke kasuwar unguwa.

Inda duk waɗannan ke taruwa shi ne ɗakin masu tamowa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce a watan Afrilun 2024 kaɗai ta kwantar da yara 1,250 masu tsananin tamowa a Maiduguri, ninkin na Afrilun 2023. Ɗan sama da wata shida ana zagaya masa tef ɗin awo a dantse, in ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, a ba shi abincin masu tamowa na Plumpy'Nut. Ɗan ƙasa da wata shida ba ya cin wannan. Maganinsa a dawo da nonon uwarsa. Za ka ga nas ta manna siririn bututu a jikin mama, bakinsa daidai kan nono, ɗaya bakin cikin kofin madarar asibiti. Yaro na tsotso yana samun madarar, tsotson kuma na ta da nonon. Kullum ana rage ta kofin, ana auna shi, har ranar da za a cire bututun. Uwar da ta shigo tana cewa nata ya ƙafe takan fita tana shayarwa. Mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta a 2016 cewa inganta shayarwa zai ceci yara 823,000 a duniya duk shekara, kuma yawancinsu a wurare irin wannan suke.

Tallafin da ke riƙe da irin waɗannan ayyuka yana janyewa. Amurka ta dakatar da yawancin agajinta a farkon 2025, kuma a watan Yuli na shekarar Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa cibiyoyin tamowa fiye da 150 da take tallafawa a Borno da Yobe za su rufe. Nauyin zai koma kan asibitocin sha-ka-tafi na jiha da ƙaramar hukuma. Abin da ya kamata a nema musu ba mai tsada ba ne: a kowace cibiya a ware ma'aikaciya ɗaya da aikinta shi ne ta zauna ta kalli yadda jariri ke kama mama, ta leƙa gidan mai jego cikin makon farko, kuma a ranar awo a ce kowace mai ciki ta zo da uwar mijinta ko wadda za ta yi mata zaman jego, a ba tsohuwar kujera a gaba, a fara tambayarta yadda ta raini nata kafin a gaya mata komai.